Sikila: Gwajin Ranar Suna Muka Kai Ranar Ɗaurin Aure

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. A ƙa'ida yanzu ba a ɗaura aure sai an kawo takardar asibiti da ke nuna an duba jinin ango da na amarya: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, da kuma jinotaif, wato gwajin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da irin sikila. Jama'a da dama sun yi na'am da dokar, kuma ta cancanci hakan. Sai dai akwai abin da ke damuna a jerin nan. An haɗa abu uku a takarda ɗaya, alhali na ukun hanyarsa daban.

Cututtuka biyun farko ɗaukarsu ake yi. Mutum yana iya zama lafiya lau bara, bana ya kamu, saboda haka hikima ce a duba su dab da biki. Jinotaif kuwa da shi ake haihuwar mutum, da shi kuma zai koma ga Mahaliccinsa. Irin da jariri ɗan kwana bakwai yake ɗauke da shi, shi ne za a tarar ranar da ya yi furfura. To me ya sa muka zaɓi yin tambayar a ranar da amsarta ta fi ta kowace rana ɗaci?

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san lokacin da ake tunawa da takardar asibiti. An kai gaisuwar iyaye, an sa rana, an kawo lefe, uwar yarinya ta kwashi adashinta ta sayi kayan ɗaki, kati ya shiga hannun mutane. Yaro da yarinya sun daɗe suna zance, kowa a unguwa ya san su tare. Saura 'yan makonni sai wani kawu ya ce, "Af, ku je ku yi gwajin nan mana." In takarda ta fito AS da AS, wato dukansu suna ɗauke da irin sikila, gidajen biyu sun shiga tsaka mai wuya: ko a fasa, a mai da akwatuna, a sha surutun gari, ko a runtse ido. Akwai masu fasawa, kuma sai wanda ya gani da idonsa ya san ƙarfin halin da hakan ke ci. Akwai masu canza ɗakin gwaji har sai sun dace da wanda zai ba su amsar da suke so. Akwai kuma inda kuɗi ke mai da S ya koma A a kan takarda, jini kuwa yana nan yadda yake.

Saudiyya ta riga mu bin wannan hanya. Tun 2004 ta wajabta gwajin sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado, kafin aure, ba tare da ta hana auren waɗanda jininsu bai dace ba. Binciken shekarun farko ya nuna kusan tara cikin goma na irin waɗannan ma'aurata sun ji bayanin likita sun kuma yi aurensu. Zuwa 2009 masu fasawa sun kai kimanin rabi, wato ko bayan an saba da dokar, rabin ba su juya ba. Maƙwabciyarta Bahrain ta ƙara wani mataki: daga 1999 ta kai gwajin makarantun sakandare, yaro ya san jininsa tun bai san wadda zai so ba. Jariran da ake haifa da sikila a can sun ragu daga kusan biyu cikin ɗari a tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙasa da rabin ɗaya cikin ɗari. Bahrain ƙaramar ƙasa ce mai kuɗi, ba na cewa Kano za ta kwafe ta kai tsaye. Abin ɗauka dai shi ne lokacin da aka zaɓa.

Bari mu ɗan zauna a kan lissafin gadon, domin rashin fahimtarsa ya kashe aure da yawa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke kai iska ga gaɓoɓi, himogulobin. Umarnin ƙera shi kowa biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A da S lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dambe, yana iya mutuwa da tsufa bai taɓa sani ba. Wanda ya gaji S daga ɓangarorin biyu shi ne mai ciwon. Ƙwayoyin jininsa, da zarar iska ta yi ƙaranci, sai su sandare su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashin nan yake tasowa, wanda ke sa ƙato kuka. Kuma ƙwayar da a jikin kowa take yin kwana 120, a jikinsa cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ba ya isarsa, ido ya yi shawara.

In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. A nan mutane ke ruɗewa. Za ka ji ana cewa, "Ai ɗaya cikin huɗu ne, tunda na farko ya fito da shi, uku masu zuwa lafiya." Ko kuma, "Mu tsaya a uku, na huɗun ne mai ciwon." Jini ba ya riƙe lissafi. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Akwai gidan da ya haifi shida babu mai ciwo ko ɗaya, kuma irin wannan gida ake kafa hujja da shi a zaure idan ana son a ci gaba da biki. Gidan da ya haifi huɗu uku na kwance, ba a cika kiran sunansa a wannan zama ba.

Sannan ga abin da ya shafe mu musamman, mu masu tara mata. Ɗauki magidanci AS mai mata biyu, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida ba wanda zai yi sikila. A ɗakin amarya kuwa yau wannan, gobe wancan. Me dangin miji za su gani? Miji ɗaya, ɗaki biyu, ciwo a ɗaki ɗaya. Hukunci ya fito ba tare da alƙali ba: "Ita ta kawo mana shi, mu a danginmu babu." Ganin ido ya goyi bayansu, amma ƙarya ne tsagwaronta. Rabin ciwon kowane yaro daga uban ya fito, kuma cikin 'ya'yan uwargidan da ake taƙama da lafiyarsu, kowane ɗaya yana da rabin yiwuwar ɗaukar S ɗin uban zuwa nasa gidan. Mata nawa aka saka, ko aka mai da saniyar ware a gidan miji, a kan laifin da rabinsa na mai sakin ne?

Wasu kuma auren zumunci suke ɗora wa laifin duka. Nan ma lissafi bai ba su gaskiya sosai ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. In ka ɗauko namiji daga Daura da mace daga Yola, waɗanda kakanninsu ba su taɓa haɗuwa ba, yiwuwar dukansu su zama AS ɗaya ce cikin 16. Haɗa da ɗaya cikin huɗun kowane ciki, ka sami jariri ɗaya cikin 64. Wannan ya yi kusa da abin da ake gani a zahiri, kimanin biyu cikin ɗari, wanda ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa. Auren 'yar kawu yana ƙara haɗarin, musamman a dangin da aka riga aka ga ciwon, amma ko da an daina shi gobe, sikila tana nan daram. Irin ya yi yawa a cikinmu ne saboda zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar kariyar daga nau'insa mai kisa babba ce. Ƙarni bayan ƙarni sauro yana kwashe yaran AA fiye da na AS, irin S yana yaɗuwa. Wanda ake yi wa kallon mai tabo a yau, gadon da ya rayar da kakanninsa yake ɗauke da shi.

Yanzu ga inda dokar gwajin aure ba ta kai ba ko kaɗan: yaran da an riga an haifa, da waɗanda za a haifa gobe ko an yi doka ko ba a yi ba.

Garki, wadda yau take Jihar Jigawa, ta shiga tarihin likitanci a tsakanin 1969 da 1976, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban bincike a ƙauyukanta kan zazzaɓin cizon sauro. Cikin aikin, Alan Fleming da abokan aikinsa suka duba jinin mutanen yankin. A cikin sababbin jarirai sun sami kusan biyu cikin ɗari masu SS. A cikin waɗanda suka wuce ƙuruciya, bai kai ɗaya cikin dubu ba. Sauran ba warkewa suka yi ba. An binne su tun ba su yi wayo ba, ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe su ba. An ce zazzaɓi, an ce shawara, an ce iska, an ce uwar mai wabi ce. Ba kowane wabi ne sikila ba, amma ba na shakkar cewa wani kaso na matan da aka yi ta yi wa wannan laƙabi, AS ne da suka auri AS. Shekaru hamsin sun wuce, a birane abin ya yi sauƙi. A ƙauyen da babu gwaji kuwa, har yanzu yaro na iya zuwa ya tafi ba a gane ba.

Abin takaicin shi ne, abin da ke kashe su a shekarun farko ba ya bukatar asibitin Jamus. Jariri mai SS lafiya yake fitowa, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi na wasu watanni. Wajen wata shida ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa. A ɓoye kuma saifarsa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, tana lalacewa, ta yadda ciwon huhu ko sanƙarau da wani yaro zai jure, shi cikin kwana ɗaya sai ya tafi da shi. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum yana rage wannan kamuwa da kashi 84 cikin ɗari, har aka dakatar da binciken kafin wa'adinsa saboda amsar ta fito fili. A Jamaika, inda Graham Serjeant ya duba jinin jarirai 100,000 a Kingston daga 1973 zuwa 1981, an koya wa uwaye yadda za su shafa gefen hagu na cikin yaro su ji ko saifa ta kumbura, alamar jini yana taruwa a cikinta, su garzaya asibiti. Mace-mace ta wannan hanya ta faɗi warwas. Fenisilin, allurar rigakafi, gidan sauro, ruwan sha wadatacce, rigar sanyi lokacin hunturu, da yatsun uwa da aka koya wa aiki. Amma dukansu suna jiran abu ɗaya: a san yaron yana da ciwon kafin ya kwanta.

Ghana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. A nan gida, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta sun gwada haɗa gwajin da allurar rigakafi a ƙananan asibitocin Gwagwalada, da 'yar takardar gwaji mai ba da amsa daga ɗigon jini ɗaya, ba lantarki, ba babbar na'ura, suka wallafa sakamakon a 2020 cewa abin mai yiwuwa ne. Wannan hanya ita ta dace da mu, tunda mafi yawan matanmu a Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa. Jaririn da ba a gani a ɗakin haihuwa ba, ana iya kama shi ranar allurar farko. Kai, jaririn da wanzami ke taɓawa da aska a mako na farko, ɗigon jini daga diddige ba zai zama baƙon abu ga iyayensa ba.

Duba abin da ɗigon nan ɗaya yake yi. In ya fito SS, an ceci yaro da wuri. In ya fito AS, iyaye sun sani shekara ashirin kafin maganar aure, an rubuta a katin rigakafi, kuma ranar da wani ya fara sallama da yarinya za a iya tambaya tun ba a karɓi ko sisi ba, tun zuciya ba ta kafu ba. Sannan ya tona asirin jinin iyayen kansu, ya sa a duba yayye da ƙanne. Gwajin dab da aure aiki ɗaya yake yi, shi ma a makare.

Ina zargin abin da ya sa hukumomi suka fi son dokar aure shi ne arha gare su. Ango ne zai biya, liman ne zai duba takarda. Gwajin jarirai kuwa yana jawo nauyi: in ka gano yara dubu masu ciwon, ka ɗauki alhakin maganinsu. Kuma ba za a ce ba a san abin yi ba, domin a Kano aka samo wani ɓangare na amsar. Kusan yaro ɗaya cikin goma mai SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 in ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, ta nuna wanda ke bakin haɗari. A ƙasashe masu hali, irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa kusan duk wata, abin da asibitocinmu da aljihunmu ba za su iya ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, da takwarorinsu na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun nuna a binciken da aka wallafa a 2022 cewa ƙwayar haidiroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne, tana kare yaran nan daga shanyewar. Duniya ta karanta ta ɗauka. Tambayar ita ce ko uwa a Doguwa ko Kunchi za ta sami ƙwayar a asibitin garinsu duk wata ba yankewa.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar halittar mai ciwon, wanda a Amurka aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Dashen ɓargo ma yana warkarwa, an kuma fara yin sa a Nijeriya tun 2011 a birnin Benin. Labarai ne masu daɗi, amma ba su ne maganar gidan da ke lissafin kuɗin ledar jini ba. Maganarsu ita ce saurayi ya iso asibiti tsakar dare yana murƙususu, ya nemi allurar kashe ciwo, a dube shi a ce ɗan ƙwaya ne. Gaskiya ne wasu sun kamu da jarabar allurar fenta, amma sau da yawa rashin kulawar da ta dace ce ta tura su kemis suna yi wa kansu.

Ba na cewa gwajin jarirai ba shi da nasa haɗari. Na farko, tambarin AS na iya zama abin gori, musamman ga 'ya mace, a fara cewa "gidan nan jininsu ba kyau". Maganin wannan bayani ne, a nanata shi har ya zauna: AS ba ciwo ba ne, mutum ɗaya cikin huɗu a kowane sahun salla haka yake, kuma AS da AA ba abin da zai hana su aure. Mai SS ɗin ma in ta auri AA, 'ya'yanta ba za su yi ciwon ba.

Na biyun ya fi tsanani, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Jariri ya fito SS, uban kuma yana riƙe da takarda mai cewa AA. A gidan Bahaushe kowa ya san inda zato zai nufa, kuma zargi ne da ke iya rusa mace har abada. Alhali akwai bayani fiye da ɗaya. Ɗakunan gwaji suna kuskure, musamman inda na'ura ta tsufa ko ma'aikaci bai ƙware ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin 'yan watannin baya, sakamakonsa na iya ruɗarwa. Akwai takardar da saye aka yi tun farko, mai ita ya manta ko ya yi kamar ya manta. Akwai kuma irin talasimiya, wanda mai ɗauke da shi yake fitowa kamar AA a gwajin gama-gari, amma in ya haɗu da S na uwa, yaro ya yi ciwon da a takarda ma kamar SS yake. Haka nan irin C, wanda ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso kuma akwai shi a nan, in ya gamu da S yana ba da nasa nau'in sikilar, ga shi mutane da yawa ba su san AC abin lura ba ne.

Saboda haka duk jihar da za ta fara wannan aiki, kafin ta sayi takardun gwaji ta tanadi wanda zai yi bayani, da ɗakin gwaji guda amintacce da za a riƙa tabbatar da sakamako a cikinsa. Kuma kada a miƙa wa uwa sakamako ita kaɗai a kan bencin rigakafi, a bar ta ta kai labari gidan miji da bakinta. A aika a kira maigidan, a zaunar da su tare, a sake ɗaukar jinin kowannensu a ranar, tsohuwar takarda a ajiye ta gefe.